Tsakanin Kasuwa Da Gwamnati, Wa Zai Riƙe Mudu?

Duk daren da aka ɗauke wuta a Gesse, mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mukan rufe kwamfutocinmu mu koma teburin mai shayi, inda ake da ɗan janareto da wurin cajin waya. A nan gardama takan tashi, kuma kusan kullum ita ce guda ɗaya. Wani zai ce matsalar Nijeriya ita ce gwamnati ta cika tsoma baki, a sakar wa kasuwa mara, komai zai daidaita da kansa. Wani zai yi caraf ya ce kasuwa ba ta da imani, in aka bar talaka a hannun 'yan kasuwa sai sun cinye shi ɗanye, don haka dole hukuma ta ƙayyade farashi ta ba da tallafi. Haka za a yi ta ja har sha biyun dare, kowa yana jawo sunan wani Bature da ya saurara a YouTube, shayi ya huce, a tashi ba wanda ya gusa daga inda yake.

Mun daɗe muna wannan musu kafin mu ga wautar da ke cikinsa. Muna zaune a jihar da aka gwada maganganun nan biyu a kan gonakin iyayenmu cikin shekara goma, amma muna tafiya Amurka da Ingila neman misali. Fadamar da za ta raba mana gardama tana bayan gari, daga Birnin Kebbi har Argungu da Augie.

Bari mu faɗi matsayarmu tun da wuri, don wanda zai yi fushi ya yi da sauran lokaci. Muna ganin gwamnati ta cire hannunta daga farashi ta riƙe mudu da kyau, wato ta tsare ma'auni da alƙawari da doka. Muna kuma ganin ko an yi haka, daga kasuwar har gwamnatin babu wadda za ta tsaya da ƙafarta in babu amana, kuma dukansu biyun cin amanar suke yi, ba su suke shuka ta ba. Wani wuri ake shuka ta, kuma wurin ne muka yi watsi da shi.

Abin da shinkafa ta gwada mana

A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya daina ba masu shigo da su dala a farashin hukuma, shinkafa na ciki. Ranar 17 ga Nuwamba na wannan shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, lokacin Godwin Emefiele yana gwamnan bankin, Atiku Bagudu yana gwamnan jiha. Tsarin a takarda gwanin sha'awa ne. A ba ƙaramin manomi rancen iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki, a haɗa shi da kamfanin casa da zai sayi abin da ya noma, in kaka ta yi ya biya da shinkafa.

Wanda ya ce shirin bai amfani kowa ba, bai shiga fadama a waɗannan shekarun ba. Noman rani ya bunƙasa. Samarin da suka saba tafiya cirani kudu sun zauna gida suna ban ruwa. A Disambar 2016 aka fara sayar da shinkafar LAKE, haɗin gwiwar Legas da Kebbi, buhu mai kilo 50 a naira 12,000. A Agustan 2017 Yemi Osinbajo ya buɗe kamfanin casa na WACOT a Argungu, ga Labana kuma a Birnin Kebbi. Mun ga mutanen da suka sauke farali da kuɗin shanshera, mun ga waɗanda suka yi rufin kwano, mun ga matan da ke turara shinkafa a gida sun samu jari. Masu cewa hannun gwamnati bai taɓa haifar da alheri ba su zo su yi wa waɗannan mutane bayani.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Shirin ya raba fiye da naira tiriliyan 1 a faɗin ƙasa. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka biya. Babban Bankin ya musa, ya ce an biya kimanin kashi 52. Mu ɗauki lissafin bankin, wanda ya fi sauƙi a kunne: kusan rabin kuɗin bai dawo ba a lokacin. Wasu ambaliya ce ta karya su, kamar ta 2020 da ta shanye gonaki a jihar nan, kuma babu mai hankalin da zai zarge su. Wasu kuwa sun noma sun girbe, suka sayar wa dillali a ɓoye, suka ce kuɗin gwamnati ne, rabonsu ne ya zo. Akwai kuma masu karɓar taki su kai kasuwa washegari, waɗanda rabonsu da gona tun suna yara.

A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. Manomin shinkafa ya yi murna, domin 'yar waje ta yi wuya, tasa ta yi daraja. Mutumin Kamba da na Dole Kaina da na Lolo, waɗanda cinikinsu da aurensu da zumuncinsu suke tsallaka iyaka tun kafin a ja layinta, suka wayi gari rayuwarsu ta koma laifi. A Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Fasa-ƙwauri bai mutu ba, tsada kawai ya ƙara, kuma masu ƙarfi ne suka ci ribar tsadar. Ma'aikacin da ke ciyar da mutum goma a Badariya shi ya biya kuɗin wannan kariya da aka ba manomi, a kowane mudu da ya saya, ba tare da an taɓa tambayarsa ba.

Daga nan kiɗa ya canza. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin rani da fetur yake ɗaga ruwa, shi ya sa muka ga mutane suna jona injin ban ruwa da tukunyar gas, masu hali suna komawa hasken rana. Sabon shugabancin Babban Bankin ya janye daga irin waɗancan rance, aka kuma ɗage hanin dala a kan shinkafa a Oktoban 2023. Buhu ya haura naira 80,000 a 2024, jama'a suka yi kuka, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji na kwana 150. Farashin shanshera ya faɗi, taki yana nan da tsadarsa. Manomin da aka ce masa ya faɗaɗa gona domin ƙasa ta dogara da shi, an bar shi da buhunan da ba su mayar da kuɗin noma ba.

To, wanne aka gwada a kansa, kasuwa ko gwamnati? An gwada duka biyun, a rufe a buɗe, kuma ba a taɓa yi masa sallama kafin a juya ba. Noma lissafin wata huɗu ne zuwa biyar, jarin kamfanin casa lissafin shekaru ne. Wanda ba ya iya hasashen dokar da za ta same shi ranar girbi ba zai iya lissafin komai ba.

Aƙidar da ke bin aljihu

Laifi tudu ne, don haka mu fara taka namu. Mun lura cewa a teburin shayin nan ra'ayin kowa yana kama da aljihunsa. Abokinmu da mahaifinsa ke da gona a fadama ya goyi bayan rufe iyaka da dukan ƙarfinsa, amma da aka yi maganar ƙayyade farashin shinkafa sai ya zama ɗan kasuwa tsantsa, ya ce kowa ya sayar da guminsa yadda ya ga dama. Wani da ke aiki wa kamfanin waje ana biyansa da dala ya yi ta yabon sakin naira, har ranar da matarsa ta kawo masa lissafin cefane. Mu duka muna son fetur mai araha daga gwamnati, muna kuma son ta bar mu mu sa wa aikinmu kuɗin da muke so.

Wannan ba abin kunya ba ne a karan kansa, kowa yana kare tuwonsa. Abin kunyar shi ne mu yi wa buƙatarmu rawani mu kira ta aƙida, sannan mu kira wanda buƙatarsa ta saɓa da tamu jahili ko azzalumi. Ga gwajin da muke ba kanmu shawara: kafin mutum ya goyi bayan wata doka, ya tambayi kansa ko zai yarda da ita in shi ne mai saye a Legas maimakon mai noma a Suru, ko shi ne mai shago a Kamba maimakon ma'aikaci a sakatariya. Ra'ayin da bai tsira daga wannan tambaya ba, lissafin riba ne kawai.

Ga masu bauta wa kasuwa

Hujjarku mafi ƙarfi tana hannun mai karatu a yanzu haka. Kafin 2001, layin waya a Nijeriya abin manya ne, kusan NITEL ce kaɗai, kuma layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a dala miliyan 285. Da farko layi ya fi ƙarfin talaka, kuma in ka yi maganar daƙiƙa biyar sai a caje ka minti. Da Glo ta shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Gasa ce ta kai waya hannun mai kamun kifi a Argungu, babu wani kwamitin rabo da zai iya hakan. Mun yarda.

Amma ku dubi wanda ya shirya filin. Hukumar NCC ce ta raba zangon sadarwa, ta yi gwanjon a fili, ta tilasta wa kamfanoni su bar kiran juna ya shiga. Intanet ɗin da muke taƙama da ita ta samo asali daga aikin da gwamnatin Amurka ta biya a 1969, shafukan yanar gizo kuma a cibiyar bincike ta CERN aka ƙirƙire su a 1989, da kuɗin gwamnatocin Turai. Kasuwar da ta yi aiki a nan tana da alƙalin wasa.

Inda babu alƙali kuma mun san abin da ake gani. Dillali ya tare manomi a hanya kafin ya kai kasuwa ya ji farashi. A ba shi bashin taki da rani a kan ya biya da buhu a farashin da mai kuɗi ya yanke. A jiƙa shanshera don ta yi nauyi, a sa tsakuwa a gindin buhu, a doke gindin mudu ya shige ciki. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mun ga ana sayar wa mutum kuɗinsa da kuɗi a wurin masu POS, mun ga manoma suna karyar da amfanin gona ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Hukuma ce ta haddasa ƙarancin, amma mu ne muka yi wa juna yankan. In wannan ne 'yancin kasuwa, to 'yancin kura ne a garken awaki.

Kuma Adam Smith ɗin da kuke yawan ambato, kafin ya rubuta littafinsa kan arzikin al'ummai a 1776, ya riga ya rubuta wani a 1759 kan ɗabi'a da tausayi da yadda mutum yake auna kansa da idon wasu. Malamin falsafar ɗabi'a ne a Jami'ar Glasgow. Mahauci da mai burodin da ya yi misali da su mutane ne da ke zaune cikin jama'ar da ke da kotu da kunya.

Ga masu bauta wa gwamnati

Ku kuma kuna magana kamar gwamnati wata uwa ce da ke sama, mai tausayi, wadda ba ta da ciki. Gwamnati mutane ce, 'yan unguwarmu ne, mun yi makaranta da su. Wanda kuke tsoron ya cuce ku yana ɗan kasuwa, in ya zama darakta ba ya sake hali, sai dai ya samu hatimi da ɗan sanda.

Tarihin yankin nan ya ishe mu. Hukumomin sayen amfanin gona sun shafe shekaru suna sayen gyaɗa da audugar manoman Arewa ƙasa da farashin duniya, har aka rushe su a 1986. Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 an gina shi ne da sunan taimakon manoma, amma da manoman da aka tasa daga gonakinsu suka nemi diyya, a 1980 jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da dama. Waɗanda ke ƙasan kogi kuma suka ga ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu ta ragu. Duk da kyakkyawar niyya aka yi a takarda.

Duk lokacin da hukuma ta sa wa abu farashi ƙasa da na kasuwa, layi yakan bayyana, sannan wanda ya san wani ya bi ta ƙofar baya, sannan kayan su ɓulla a kasuwa da tsada. Mun gani a takin gwamnati, mun gani a fetur da 'yan bumburutu, mun gani a dala mai farashi biyu. Tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na kasuwa ba ta zuwa aljihun talaka, tana zuwa ga mai rabo ne da wanda ya fi kusa da shi.

Abin da kwamfuta ta kasa yi mana

Mu ma muna da namu gunkin, kuma gara mu fasa shi da kanmu. Mun taɓa yarda cewa duk wannan matsalar ta rashin tsari ce, in aka sa komai a kwamfuta an gama. Wata ƙaramar ƙungiyar manoma da ke ba 'ya'yanta rance a tsakaninsu ta ba mu aikin rubuta mata manhajar rajista. Muka sa hoto, muka sa lambar waya, muka sa a ɗauki taswirar kowace gona da waya. Muka yi ta alfahari cewa ba mai iya shigar da sunan bogi.

Cikin wata biyu muka tarar gona ɗaya an yi mata rajista sau huɗu, an tsaya a kusurwa daban-daban da mutum daban-daban. Wanda aka ba wayar ya zagaya da ita shi ne ya shirya abin. Muka toshe wannan ƙofa, aka buɗe wata. Wanda ya warware matsalar a ƙarshe wani dattijo ne a cikinsu da bai iya karanta boko ba. Ya ce a karanta sunayen da ƙarfi a gaban kowa bayan sallar la'asar, kowa ya faɗi da wa yake iyaka. Sunayen bogin suka zube a zama ɗaya, domin babu mai iya ƙirƙiro maƙwabcin gona a gaban maƙwabta. Tun ranar muka san cewa manhaja tana rubuta abin da aka gaya mata ne, gaskiya ko ƙarya, kuma mai riƙe da wayar shi ne tsarin.

Darasin Matan Fada

A Argungu akwai wani tsari da ya girmi gardamarmu. Kowa ya san bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba shi ne dalilin da ya sa ake samun giwan ruwa mai girman mutum a wannan rana. Ana hana kamun kifi a Matan Fada har sai lokaci ya yi. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa, akwai ranar da ake buɗe ruwa, kuma da koma da gora ake shiga.

Kogin ba na wani kamfani ba ne, ba kuma wata ma'aikata a Abuja ce ta rubuta dokar ba. Masunta ne da sarakunan sana'arsu a ƙarƙashin masarauta. Dokar sananniya ce tun kafin a haifi mai bin ta, masu tsaron ta a bakin ruwan suke kwana, kuma wanda ya karya ta gobe zai haɗu da waɗanda ya cuta a masallaci da kasuwa. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Hausawa, to a nan mutane ma suna ganinka.

A 1968 wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi rubutun da ya shahara cewa duk dukiyar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, sai dai a mallaka wa wani ko hukuma ta karɓe. Elinor Ostrom ta shafe shekaru tana bin masunta da makiyaya da masu ban ruwa a Turkiyya da Sifaniya da Japan da Nepal, ta nuna cewa jama'a da yawa sun riƙe dukiyarsu ɗaruruwan shekaru da dokokin da suka yi wa kansu. A 2009 ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki. Abin da ta samu kyauta a kansa, Kabawa suna yin sa da gora a hannu.

Ba muna cewa a miƙa wa Sarkin Ruwa Babban Banki ba ne. Sarauta ma tana zalunci, bikin kansa ya tsaya kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020, kuma tsarin da ke aiki tsakanin mutanen da suka san juna ba zai riƙe ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba. Abin ɗauka shi ne sharuɗɗan: a san doka kafin a shiga ruwa, waɗanda za ta hau kansu su sa baki a yin ta, mai sa ido ya kasance kusa, hukunci kuma ya tabbata a gaban jama'a. A auna shirye-shiryen shinkafa na shekara goman nan da waɗannan huɗun a ga nawa suka cika.

Daga ina muka samo abin da muke kira daidai?

Babu ɗayanmu da ya zauna yana ɗan shekara ashirin ya karanta littattafai sannan ya zaɓi ya ƙi sata. Mun tarar da abin ne a gida. Uwa ta aike ka da naira hamsin ta ƙirga canji. Malamin allo ya sa ka mayar da alƙalamin da ba naka ba. Ka ga kakarka ta cika mudu ta ƙara gyara ga baƙon da ba za ta sake gani ba. Ka ga uwar adashe tana riƙe kuɗin mata ashirin ba takarda ba shaida, kuma kwasar kowa tana zuwa a ranarta. Ka tsaya a jana'iza ka ji ana shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, domin ba a raba gado sai an biya. Karatun jami'a ya zo daga baya ya ba mu kalmomin kare abin da muka riga muka sha da nono.

To ga tambayar da ta fi damun mu. Mutumin da ba zai iya barci da bashin naira dubu biyar na maƙwabcinsa ba, yaya aka yi ya ci rancen dubu ɗari biyu na banki ya kwana lafiya? Wanda ba zai tauye wa ɗan unguwa mudu ba, me ya sa yake jiƙa shansherar da za ta tafi Legas? Amsar da muka gano ita ce tarbiyyar tana nan, da'irarta ce ta ƙuntata. Mun koyi amana a tsakanin fuskokin da za mu sake gani, sai ta tsaya a inda fuskokin suka ƙare. Gwamnati ba ta da fuska, mai saye a wata jiha ba shi da fuska, don haka cin su bai zama cin amana a zuciyarmu ba. Shugabanni ma sun taimaka wajen koya mana haka, domin wanda ya ga an sace biliyan ba a yi komai ba zai ɗauki buhun taki biyu a matsayin ladan haƙuri. Amma kasuwar zamani da gwamnatin zamani duka mu'amala ce da mutanen da ba ka sani ba. Al'ummar da amanarta ta tsaya a bakin unguwa, kowanne ta ɗauka cikin biyun zai lalace a hannunta.

Abin mamaki shi ne addinin da akasarinmu muke bi ya riga ya faɗaɗa wannan da'ira. Ya zo a hadisi cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yi ba, don gudun kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Shi ne kuma ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi a kan algus. Ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ya hana tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa. Malamai sun yi bayanin lokutan larura da shugaba zai iya sa baki a farashi, amma asalin tsarin a fili yake: a bar farashi, a tsare mudu. A ƙasar nan ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ kan haraje-harajen zalunci da abin da ake ƙwata a kasuwanni, ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami kan haƙƙin da ke wuyan masu mulki. Muna da wannan gado a gida, muna cika sahu a masallaci, amma muna jiran wani mai bidiyo daga ƙetare ya gaya mana inda ɗabi'a take fitowa.

Abin da muke nema

Daga gwamnati, ta tarayya da ta jiha, muna neman abubuwan da ba sa jawo taron ƙaddamarwa. In za a buɗe iyaka ko a rufe, ko a canza harajin shinkafa, a faɗa tun kafin manomi ya zuba iri, kuma a tsaya a kan maganar. A sa sikeli na gaskiya da ma'aunin danshi a kasuwannin shanshera, da jami'in da za a iya kai ƙararsa. A gyara hanyoyin fadama, a sanar da mutanen ƙasan kogi da wuri in za a saki ruwan Goronyo. A samar da kotun da za ta raba rigimar manomi da kamfani kafin wata kaka ta zagayo. In za a ba da tallafi, a kira shi tallafi a karanta sunayen a bainar jama'a. In rance ne, a karɓa, a fara da manyan da suka fi cin kuɗin. Kiran kyauta da sunan rance ya koya wa dubban mutane cewa alƙawari wasa ne, kuma wannan asarar ta fi ta kuɗin.

Daga 'yan kasuwa da masu kamfanonin casa, in kuna son a bar ku da farashi, ku yarda a duba sikelinku, ku biya manomi a ranar da kuka ce. Ba a neman 'yanci a lokacin riba a nemi kariya a lokacin asara.

Daga malamanmu, muna son mu ji huɗuba a kan bashin banki da buhun da aka jiƙa da takin da aka karkatar, da irin zafin da ake yin ta a kan tufafin mata da waƙoƙin samari.

Daga kanmu kuma, mu masu kwamfuta, mu rage raina dattijon da bai iya latsa waya ba. Mu riƙa gina abin da zai sa jama'a su ga juna, kamar farashin Jega da na Argungu a wayar kowane manomi da safe, da jerin waɗanda suka karɓa da waɗanda suka biya a inda maƙwabta za su gani. Kuma duk wanda ke da ɗan ƙaramin bashin da ya lissafa cikin rabon gwamnati, ko aikin da ya karɓi kuɗinsa bai gama ba, ya fara da wannan kafin ya dawo teburin shayi ya gaya mana yadda za a gyara Nijeriya.